ZUWA PANDA A CIKIN HUNTURU: IYALI, DABBOBIN GIDA DA KIFIN GILASHI

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a watan Nuwamba, sai hankalin 'yan Arewa mazauna Kurmi ya koma gida. A Sabon Badun, da Agege, da Idi-Araba, da Shagamu, har Anaca da Fatakwal, ba a rasa masu lissafin kuɗin mota, domin a wannan lokaci ne kaka ta yi, hanya ta bushe, kuma bukukuwa suka yi yawa. Sai dai ba kowa ke samun dogon hutu ba. Maigadi, da direba, da mai sayar da tsire, da ƙaramin ma'aikaci, yawancinsu abin da ke hannunsu bai wuce daga Juma'a zuwa Litinin ba. A cikin waɗannan 'yan kwanaki ne ake so mutum ya ga matarsa da 'ya'yansa, ya duba abin da ya bari, sa'an nan ya koma bakin aiki kan kari. Tafiya zuwa Panda ta ƙasar Keffi ta isa misali ga duk mai irin wannan niyya.

INA PANDA TAKE?

Garin Panda yana cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, a kan hanyar da ta tashi daga Keffi ta yi arewa, ta bi ta Gitata zuwa iyakar Jihar Kaduna. Ƙasar Nyankpa ce, watau mutanen da Hausawa ke kira Yeskwa, kuma akwai Hausawa da Fulani da sauran kabilu zaune tare da su, ana noma doya, da dawa, da masara, da gyaɗa. Kada mai karatu ya rikita ta da tsohuwar Panda ta Igbirra, wadda ke can kudu wajen Umaisha kusa da Kogin Binuwai. A da wannan yanki yana cikin Jihar Filato ne, sai a ran 1 ga Oktoba, 1996 aka yanke Jihar Nasarawa. Keffi kuwa, wadda Abdu Zanga ya kafa a farkon ƙarni na 19, ita ce mahaɗar matafiya, kuma tsakaninta da Abuja kimanin kilomita 50 ne.

LISSAFIN HANYA

Mai tasowa daga Ikko zai bi ta Badun, da Akure, da Owo, da Okene, ya faɗa Lakwaja, ya ƙetare Kogin Kwara a gadar Murtala Muhammed, sa'an nan ya wuce Abaji da Gwagwalada ya shiga Abuja. Wannan kaɗai ya haura kilomita 700, kuma akan yi awa 12 ko fiye a mota. Daga nan sai a ratsa cunkoson Nyanya da Mararaba kafin a ga Keffi, inda za a nemi ƙaramar mota ta Panda.

To, in mutum ya shiga motar dare ran Juma'a, ba zai sauka gida ba sai wajen azahar ɗin Asabar. In kuwa yana so safiyar Litinin ta same shi a wurin aiki, tilas ya bar gida ran Lahadi kafin la'asar. Watau dai kwana ɗaya tal zai yi a ɗakinsa, alhali ya yi kwana biyu a kan kujerar mota. Wanda bai yi wannan lissafi tun yana Kurmi ba, shi ne zai riƙa matsa wa direba ya ƙara wuta, kuma a nan ne ake samun matsala.

Hazon hunturu ba hayaƙi ba ne, ƙura ce mai laushi wadda iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe tun zamanin da. In ta yi kauri, direba ba ya hango abin da ke gabansa sai ya zo daf da shi, har jiragen sama ma akan dakatar da tashinsu. Ga kuma gobarar daji, wadda hayaƙinta kan rufe hanya ba zato ba tsammani. Bugu da ƙari, ƙarshen shekara lokaci ne na yawan zirga-zirga, shi ya sa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, takan ƙara jami'anta a kan manyan hanyoyi. Abin da ya fi shi ne mutum ya roƙi rana ɗaya ƙari a wurin maigidansa, ya yi tafiyar da rana, ya shiga mota a tasha, ba a bakin titi ba. Hausawa sun ce tafiya sannu sannu kwana nesa.

RABON UWARGIDA

Abin da ke kai mutum gida shi ne iyali, amma sau da yawa su ne ke tashi da ƙaramin rabo. Da zarar an ji baƙon Kurmi ya sauka, sai zaure ya cika. Wannan ya zo gaisuwa, wancan ya zo karɓar saƙo, ga ta'aziyya uku da ake jira ya je, ga abokai a majalisa. Kafin a ankara dare ya raba, gari na wayewa kuma sai haramar komawa. Matar da ta yi wata shida tana riƙe da gida, ita ce biyan kuɗin makaranta, ita ce kai yaro asibiti, ita ce tsaron rumbu, ba ta samu ko awa guda ta zauna da mijinta su yi magana ba.

Wayar hannu ta rage nisa, babu shakka, kuma aika kuɗi ya yi sauƙi fiye da zamanin da ake ba direban lori wasiƙa. Amma akwai maganar da ba ta faɗuwa a waya, kamar bashin da aka ci, ko rashin lafiyar da ake ɓoyewa don kada hankalin maigida ya tashi, ko saɓani da dangin miji. Irin waɗannan ne ke taruwa har su kai ga yaji ko rabuwa. Saboda haka magidanci mai dabara yakan keɓe daren Asabar ga iyalinsa, ya bar gaishe-gaishe zuwa safiya, ya kuma faɗa wa matarsa ranar da zai sake dawowa, ya cika alkawari.

Wani abin lura shi ne kaskon wuta. Wanda jikinsa ya saba da ɗumin Ikko yakan ji sanyin asuba ƙwarai, har ya sa a shigo da gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, tana iya kashe mutane suna barci. A ji ɗumi a tsakar gida, a fitar da kasko kafin a kwanta.

DABBOBIN GIDA

Kusan kowane gida ba ya rasa kyanwa mai tsaron hatsi, ko kare, ko tantabarun yara, kuma hunturu na taɓa su yadda yake taɓa mutane. A wannan lokaci ne annobar kaji ta fi yaɗuwa, har a wayi gari akurki ya zama wayam. Akwai rigakafinta, kamar yadda akwai allurar haukar kare, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda ke aiki tun shekarun 1920, tana yin su duka biyu. Ana yi wa kare allura tun yana ɗan wata uku, a kuma riƙa sabuntawa kowace shekara. In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a garzaya asibiti a ranar, domin in alamun cutar suka bayyana, da wuya a tsira. Neman malamin dabbobi a safiyar Lahadi ya fi wata tsarabar amfani.

Tsarabar da ya kamata a ƙaurace wa ita ce aku mai jan wutsiya, wanda 'yan Kurmi suka daɗe suna kawowa gida. Kama shi ya yi yawa har ya fara ƙarewa a dazuzzuka, shi ya sa a 2016, a taron ƙasashen duniya da aka yi a Johannesburg, aka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Ban da haka, tsuntsun kurmi ne, sanyi da ƙura ba sa yi masa daɗi.

KIFIN GILASHI

Wanda ya yi aiki a otel ko babban ofis a Ikko ya san akwatin gilashin nan da ake zuba ruwa da ƙananan kifaye masu launi don kallo. Turawa sun buɗe gidan kallon kifi na farko ga jama'a a Landan a 1853, yanzu kuwa har talaka kan sayi ɗan ƙarami ya kai wa yara. Abin takaici, da yawa daga cikin kifayen ba sa kai mako guda, kuma dalilin a fili yake. Jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki ne. Yawancin kifayen ado suna son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28, alhali a daren hunturu sanyin ƙasar Keffi kan sauka ƙasa da 20, kuma ɗan ruwan akwati nan da nan yake hucewa. Kifin da sanyi ya kama ba ya cin abinci, abincin ya ruɓe a ruwa, ruwan ya kashe shi. Masu kiwon tarwaɗa sun san haka, domin su ma sukan rage abinci a wannan lokaci.

Wanda ya ɗauko kifi a leda, in ya isa gida ya sa ledar a kan ruwan akwatin kamar minti 20 kafin ya kwance ta, don zafin ruwan biyu ya daidaita. A ajiye akwatin nesa da taga, a rufe shi saboda ƙura da kuma kyanwa, a lulluɓe shi da bargo da dare. Kada a zubar da ruwan gaba ɗaya, a riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu a mako. Ruwan rijiya da aka jawo yanzu ya fi wanda ya kwana a duro ɗumi. Tun da kuma wutar lantarki ba ta da tabbas, kifin da ke iya shaƙar iska a saman ruwa, kamar ƙaramar tarwaɗa ko gartsa, ya fi jure rashin injin busa iska.

Abin mamaki shi ne, wasu kifayen da ake alfahari da su a gidajen Turai daga kogunan Nijeriya ake kama su, a fitar da su ta filin jirgin saman Ikko. Akwai ma wani ɗan kifi mai ɗigon ja wanda masu kiwon kifin ado a Jamus da Amurka ke rarrabe ire-irensa da sunan garin da aka samo su, har da Lafiya da Makurɗi da Akure. Ke nan yaron Panda ba sai an kai shi Landan ba. In uban ya riƙe hannunsa suka je bakin rafi ko layin masu kifi a kasuwa, zai ga ƙarfasa wadda ke ɓoye 'ya'yanta a baki, ya ji labarin minjirya mai bugu kamar lantarki, da gaiwa wadda ke binne kanta a laka duk rani sai damina ta farka.

Kwana ɗaya a gida ba shi da yawa, amma in an tsara shi yana isa a zauna da uwargida, a yi wa kare allura, a kuma zagaya da yara. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya sa su tarar da iyali lafiya.