Allurar Barci a Asibiti: Matsayin da Ke Tsakanin Farke da Banju

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa Babban Asibitin Ƙasa na Zinder da karaya, ko ƙuna, ko rauni mai bukatar ɗinki, ya san irin fargabar da ke kama dangi sa'ad da aka ce za a yi wa majiyyaci allurar barci, domin a zaton yawancinmu barcin asibiti iri ɗaya ne, wanda ake shiga ba a san inda kai yake ba, kuma ana iya zarcewa daga can. Alhali kuwa martabobi gare shi. Tsakanin wanda yake farke sarai da wanda aka yi wa banju cikakke saboda babbar fiɗa akwai matsayi matsakaici, inda mutum yake gyangyaɗi, zafi da firgita sun sake shi, amma yana numfashi da kansa, in an kira sunansa ya amsa, in an ce ya ɗaga hannu ya ɗaga, kuma galibi in ya wartsake ba ya tuna abin da ya gudana.

Masu shakka ta fuskar shari'a su kwantar da hankalinsu, gama tun a ƙarni na 13 Imamu Ƙarafi, a cikin littafinsa Al-Furuƙ, ya rarrabe tsakanin abin da ke bugarwa da abin da ke sa barci yana gusar da ji, kuma malaman Malikiyya sun halatta na biyun domin larurar magani. Wannan hukunci ya riga aikin Turawa da nisa, tun da sai a shekarar 1846, kafin Sarki Tanimun ya kewaye Birnin Zinder da ganuwa, aka fara nuna banjun shaƙa a bainar likitoci a Boston ta Amurka.

A ƙasashe irin namu, inda lantarki ke yankewa kuma iskar oksijin ba ta wadata ba, maganin da ya fi ɗaukar nauyin wannan aiki shi ne ketamin, wanda aka haɗa a 1962, saboda yana kashe zafi ba tare da ya danne numfashi ko ya kayar da hawan jini kamar sauran magunguna ba, kuma ana iya yin allurarsa a tsoka idan jijiyar yaro ta ƙi samuwa. Sai dai yana da wata ɗabi'a da ya kamata kowa ya sani: majiyyaci yakan kwanta idanu a buɗe suna rawa, yawu na zuba, ya farfaɗo yana sambatu da ganin abin da babu, har uwa ta kama salati da tofi tana zaton iskoki sun taɓa ɗanta. Aikin magani ne kawai, yana wucewa, kuma don rage shi ne likitoci kan haɗa da diyazefam ko midazolam.

Haɗarin yana wurin iyakar da ke tsakanin gyangyaɗi da banju, domin siririya ce ƙwarai, kuma abin da ya sa ƙato gyangyaɗi yana iya nutsar da tsoho ko yaron da tamowa ta ci, harshe ya koma baya, numfashi ya raunana ba tare da wani motsi ba. Saboda haka ƙa'idar aikin ita ce a keɓe ma'aikaci guda wanda ba shi da wani sha'ani sai duban ƙirjin majiyyaci da ƙaramar na'urar nan da ake maƙala a yatsa, wadda in lambarta ta sauka ƙasa da 90 wajibi ne a dakata a gyara numfashi. A ganina asibitin da ya sayi magani bai tanadi wannan mai tsaro ba bai cika amana ba. Hatta a ɗakin kulawa mai zurfi, inda na'ura ke yi wa mutum numfashi, an daina ganin dogon barci alheri ne, tun da wani bincike da aka yi a Cikago aka wallafa a shekarar 2000 ya nuna cewa tsayar da maganin kullum har majiyyaci ya farka yana rage zamansa a kan na'ura da fiye da kwana 2.

Saura haƙƙin da ke wuyanmu mu dangi. Idan aikin ba na gaggawa ba ne, ana hana abinci awa 6 da ruwa zalla awa 2, domin mai gyangyaɗi yana iya amai ya sarƙe, abin ya gangara huhu. Kunu da fura kuwa abinci ne, ko da tausayi ya sa an ba shi a ɓoye. Haka nan wanda ya saba da tiramol, ko giya, ko wani jiƙo, jikinsa ba ya karɓar magani kamar na kowa. Ya kai mai jinya, idan likita ya tambaye ka me majiyyacinka ya ci, me yake sha, kada kunya ta hana ka faɗin gaskiya, domin a kan amsarka zai auna allurar.