Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Motar Kwaikwayo da Abin Dubawa Kafin Ciniki

Duk mai zama bakin titi a Maikunkele ya san ranar da babban baƙo zai sauka a filin jirgin saman Minna. Tun da hantsi za ka ga baƙaƙen jif-jif suna wucewa a jere, gilasai a rufe, fenti na ɗaukar ido, matasa suna gardamar wacce ta fi wacce tsada. Sai dai a Najeriyar yau fuskar mota ta daina zama shaida a kan shekarunta. Akwai Land Cruiser ƙirar 2010 da ke yawo da fuskar 2021. Akwai Lexus da Marsandi da suka kwana biyu a duniya, amma in ka hango su sai ka rantse jiya aka sauke su daga jirgin ruwa. Kayan sauya fuskar a kwali suke zuwa, akasari daga ƙasar Sin: bamba ta gaba da ta baya, bonet, fitilu, har da tambari. Masu gyaran bodi da masu fenti a Legas da Abuja da Kaduna da Kano su kwance tsoho su ɗaura sabo, motar ta fito da wata kama.

Yanzu kuma abin ya ƙara gaba. Matasanmu suna gani a waya yadda ake ɗaukar tsohuwar Toyota a lulluɓe ta da bodin faiba ta koma kamar Ferrari, ko a aiko wa mutum motar tsere gunduwa-gunduwa a akwati ya haɗa a gida. Wanda Allah ya hore wa ɗan abin hannu sai ya fara lissafi: in sayi kayan haɗin in ba bakanike, ko in sayi haɗaɗɗiya daga kamfani, ko kuwa in haƙura in nemi mota ta asali daidai ƙarfina? Tambaya ce mai ma'ana, kuma ban ga laifin mai yin ta ba. Son abu mai kyau ba aibu ba ne. Damuwata ita ce yawancin masu wannan lissafi daga siffa suke farawa, alhali siffa ce ya kamata ta zo ƙarshe.

Sana'ar sayar da mota a warwatse tsohuwa ce, kuma asalinta ba yaudara ba ne. A 1957 wani injiniya ɗan Ingila, Colin Chapman, ya fito da Lotus Seven, ƙaramar mota mai kujera biyu, marar nauyi. Ya riƙa sayar da ita a kwance saboda a lokacin motar da mai ita ya haɗa da hannunsa ba ta biyan harajin da ake ɗora wa sabuwar mota. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta daga Lotus, kuma har yau yana sayar da ita iri biyu, haɗaɗɗiya ko a akwati. A Amurka, Carroll Shelby ya ɗauki bodin motar AC ta Ingila a 1962 ya zuba mata babban injin Ford mai silinda takwas, aka sami Cobra. Waɗanda aka ƙera na asali zuwa 1967 kusan 1,000 ne kawai, shi ya sa a yau kuɗin guda ɗaya ya fi ƙarfin kowa sai hamshaƙai. Wannan ƙarancin ne ya haifi kasuwar kwaikwayonta, har ta kai Cobrar kwaikwayo ta ninka ta asali yawa nesa ba kusa ba.

Mu ma nan mun san motar akwati, ko da ba mu kira ta haka ba. Fijo 504 da iyayenmu suka hau daga Minna zuwa Kontagora da Bida, a warwatse kayanta suke zuwa daga Faransa, a haɗa ta a masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975. Haka Volkswagen a Legas, da Steyr a Bauchi, da manyan motocin Fiat a Kano, da na Marsandi a Enugu. Babu wanda ya taɓa kiran Fijon Kaduna jabu. Dalili kuwa shi ne akwai kamfani a bayanta mai suna da adireshi, akwai injiniyoyin da suka auna kowane ƙarfe, akwai lambar casis, kuma in abu ya lalace, daga kasuwar Panteka har ta Ƙofar Ruwa za ka sami irinsa. Ashe ba haɗawar ce matsala ba. Matsalar ita ce wa ya zana, wa ya gwada, wa kuma za a kama in ta ɓaci.

A nan ne masu sayar da kayan kwaikwayo suka sha bamban, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Kamfani irin Factory Five, wanda aka kafa a 1995 a jihar Massachusetts ta Amurka, shi yake ƙera casis ɗinsa na bututun ƙarfe da bodin da ya dace da shi, ya haɗo maka da littafin haɗawa, kai kuma ka nemo inji da giya da tayoyi, ka biya kuɗin fenti. Superformance kuwa a Afirka ta Kudu ake ƙera motocinsa, a birnin da a da ake kira Port Elizabeth, kuma yana da lasisi daga kamfanin Shelby. Shi motar yake ba ka a haɗe da fentinta, inji da giya kaɗai suka rage. Waɗannan suna da shekaru a kasuwa, suna da dubban masu amfani da kayansu, kuskuren da ke cikin ƙirar an daɗe da gano shi an gyara. Sai kuma ɗaya ɓangaren, na masu zuba faiba a mazubi su fitar da ɓawo kawai, su ce ka ɗora a kan Toyota MR2 ko Pontiac Fiero, ƙananan motoci biyu da aka fi yi wa wannan aiki saboda injinsu a bayan direba yake kamar na Ferrari. Irin waɗannan da yawansu babu abin da suka mallaka sai hotuna masu kyau da lambar asusun banki. Ka tura dala, watanni su shuɗe, in ka yi sa'a akwati ya iso, ka tarar ƙofa ba ta zauna ba, gilashin gaba ba irinsa a duk faɗin ƙasar nan.

Zan daɗe kaɗan a kan casis, wato ƙashin motar, domin nan rai yake. Motar kamfani, tun kafin ta shiga kasuwa, an buga irinta da bango an ga inda take lanƙwashewa. An tsara gabanta ya murƙushe ya shanye ƙarfin karo, ɗakin da mutane ke zaune kuma ya tsaya cak. An auna birki daidai da nauyi da gudu, an san daƙiƙar da balan-balan ɗin kariya zai tashi. Da zarar mai walda ya yanke rufin mota don ya rage mata tsayi, ko ya ƙara wa casis tsawo don ta yi daidai da sabon bodi, duk wancan lissafin ya rushe, kuma ido ba ya gani, domin fenti ya rufe. Sannan ga hisabin gudu, wanda ba ya sauyawa don kowa: in gudu ya ninka biyu, nisan da mota ke buƙata kafin ta tsaya yakan ninka huɗu. Cobra mota ce gajera da nauyinta bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, amma ana sa mata injin da ya isa ya ja babbar mota. Ko wadda aka haɗa bisa ƙa'ida tana buƙatar gwanin direba. Ina ga wadda aka sa wa birkin tsohuwar mota ta gwanjo, aka ɗaure tankin manta da waldar bakin hanya? Faiba kuma ba ƙarfe ba ce. Ba ta lanƙwasa, tsagewa take yi, kuma tana cin wuta.

Ko sauya fuskar jif da muka ɗauka ƙaramin abu, yana da nasa haɗarin. Bamba ta zamani ba ado kaɗai ba ce, a bayanta akwai ƙarfen tare karo da na'urorin da ke sanar da balan-balan. Ƙofofin iska da ke jikinta an auna su ne don lagireton wannan injin. Fitilar da ba a saita ba tana kashe wa mai zuwa ido a hanyar Suleja da dare. Mai aiki nagari yakan mayar da komai mazauninsa. Mai gaggawa kuwa sai ya cusa wayoyin da suka rage a lungu, ya kashe ɗan hasken gargaɗin da ke gaban direba, ya miƙa makulli.

Sai maganar ƙasarmu da hanyoyinta. Motocin tsere da yawa tazarar cikinsu da ƙasa ba ta wuce santimita 10 zuwa 13 ba, alhali jif takan haura 20. Wanda zai taso daga Maikunkele ya bi ta Bosso ya shiga gari, sai ya ƙirga tudun rage gudu nawa zai haura, da ramuka nawa damina ke bari. Cobra da Seven ba su da rufin kirki, yawanci ba su da na'urar sanyaya ɗaki, ga zafin Minna na watan Maris, ga ruwan Agusta. Akwai kuma batun sitiyari. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma doka ta hana yi wa mota mai sitiyari a dama rajista. Ingila da Afirka ta Kudu, inda ake ƙera da yawa daga cikin waɗannan motoci, nasu sitiyarin a dama yake. Kamfanonin kirki suna yin iri biyun, amma sai mai saye ya faɗa tun kafin a fara aiki, a kuma rubuta a takardar ciniki.

Takardu su ne inda mutane suka fi yin sakaci. Mota ba ta hawa titi sai da shaidar biyan kuɗin kwastan, da rajista, da lamba, da inshora, kuma dukkansu a kan lambar casis suke rataye. Ɓawon faiba ba shi da lamba. In an ɗora shi a kan tsohuwar Toyota, a wurin hukuma Toyota ce, da shekarunta da komai, ko da an manna mata tambarin dokin Ferrari a goshi. Tambarin ma kansa dukiyar wani ne. Ferrari ta sha kai masu kwaikwayon motocinta kotu a Amurka tun shekarun 1980, ta kuma yi nasara. A 2012 Marsandi ta sa an murƙushe bodin wata 300 SL ta kwaikwayo a Jamus. A 2019 'yan sandan Brazil sun rufe wata ma'aikata a jihar Santa Catarina da ke ƙera Ferrari da Lamborghini na jabu. Shi ya sa kamfani mai mutunci ko dai ya nemi lasisi, ko ya sa wa motarsa sunan kansa. Duk wanda ya yi maka tayin bodi haɗe da tambarin da ba nasa ba, ya riga ya nuna maka irin amanarsa.

Wannan ya kawo mu ga ranar sayarwa, domin kowace mota da ranar da za ta bar hannun mai ita. Wanda ya sauya wa motarsa fuska don jin daɗin kansa, ruwansa. Amma in ya kai ta wurin dillali aka sa mata kuɗin 2021 alhali ta 2010 ce, wannan algus ne, kuma malamanmu na fiƙihu ba su yi saɓani ba a kan haramcin ɓoye wa mai saye haƙiƙanin haja. Mai saye yana da hanyar kare kansa. Lambar casis tana da haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba da kuma jikin ƙofa. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, waɗanda su ne kaso mai yawa na tokumbon da ke hannunmu, na goma a jerin shi ne ke faɗin shekara: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, haka har J ta 2018 da M ta 2021. A duba wannan, a gwada da takardar kwastan, a kuma tafi da bakaniken da ba na mai sayarwa ba ya shiga ƙarƙashi da fitila ya nemi sawun walda.

In da za a nemi shawarata, wanda ya nace sai motar kwaikwayo, to ya fara zaɓen kamfani kafin ya zaɓi siffa. Ya san shekarun kamfanin a kasuwa, ya yi magana da waɗanda suka gama haɗa irin motar suna hawa, ya tabbatar za a ba shi takardar shaidar ƙira mai lambar casis, ya kuma zaɓi injin da makanikan Minna suka sani, wanda kayan gyaransa ke kusa. Ya riƙe a ransa cewa kuɗin akwatin somin-taɓi ne. Inji, giya, tayoyi, fenti, jigilar teku, kwastan da ladan masu aiki, duk suna jiransa a gaba, kuma da dala ake lissafin yawancinsu. Gareji nawa a duniya ke ɗauke da motar da aka fara da zumuɗi, kuɗi suka yanke, ta zama wurin kwanan kaji.

Amma abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne hazaƙar da muke kashewa a kwaikwayon fuskar wasu. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana samfurin Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna a 2007, daga baya aka naɗa shi shugaban hukumar NADDC mai kula da ƙirar motoci a 2017. Jerry Mallo daga Filato ya nuna motar tsere ta ƙirar kansa, Bennie Purrie, a Abuja a 2019, da sunanta ba da aron suna ba. Mustapha Gajibo a Maiduguri ya fara da mayar da ƙananan bas su zama masu amfani da lantarki, sannan ya shiga ƙera nasa. Kamfanin Innoson na haɗa motoci a Nnewi. Ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Bosso da Gidan Kwano tana yaye injiniyoyi kowace shekara, ga masu walda da gyaran bodi da hannunsu ya faɗa, a 'yan kilomitoci kaɗan da juna.

Abin da zai haɗa su shi ne wurin gwaji. A Ingila, motar da mutum ya haɗa da kansa ba ta samun lamba sai ta ci jarrabawar da ake kira IVA, inda jami'i ke duba birki da fitilu da mazaunin bel da hayaƙi, har da kaifin gefen ƙarfen da zai iya yankar mai tafiya a ƙasa. Amurka ta yi doka a 2015 da ta ba ƙananan kamfanoni damar ƙera motocin kwaikwayo har 325 a shekara, bisa sharaɗin lasisi daga mai asalin ƙirar da kuma injin da ya cika ƙa'idar hayaƙi. Irin wannan tsari ya kamata NADDC da hukumar kiyaye haɗurra da jami'an duba lafiyar motoci na Jihar Neja su zauna su fitar: rumfa ɗaya mai na'urar auna birki da ramin duba ƙarƙashin mota, da injiniyoyi daga jami'a, da kuɗin gwaji wanda yaron da ya ƙera motarsa a Kpakungu ko Maikunkele zai iya biya, a duba masa, a gaya masa abin da zai gyara, in ta ci a buga mata lambar casis da sunansa.