BABI NA UKU: MARTANIN 'YAN KALLO GAME DA KASHI NA UKU NA WASAN "THE WEB OF FEAR"

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar ƙagaggen labarin kimiyya da siffofinsa. A wannan babi kuwa za a duba yadda masu sha'awar irin waɗannan labarai kan mayar da martani game da abin da suka kalla, ko kuma abin da aka hana su kallo. An zaɓi wasan talabijin na Ingila mai suna Doctor Who saboda dalilai biyu. Na farko, gidan talabijin na Kaduna yana cikin gidajen farko da suka nuna shi a wajen Ingila. Na biyu, a Arewacin Nijeriya ne aka gano wasu kashe-kashensa da suka ɓace, wanda hakan ya jawo ce-ce-ku-ce mai yawa a tsakanin masoyansa, musamman a kan kashi guda ɗaya da bai koma gida tare da 'yan uwansa ba.

3.1 Talabijin a Kaduna da Mazauna Kudancin Kogi

Gidan talabijin na farko a Nijeriya shi ne na Ibadan, wanda aka buɗe a 1959. Na Inugu ya biyo baya a 1960, sa'an nan a 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta kafa Kamfanin Watsa Labarai na Arewa, watau BCNN, tare da haɗin guiwar kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI. Wannan kamfani shi ne ya haifi Rediyo da Talabijin na Kaduna, wanda aka fi sani da RKTV. A 1977 aka kafa hukumar NTA, ta karɓe dukan gidajen talabijin na ƙasar nan, har da na Kaduna.

Kogin Kaduna ya raba garin gida biyu. Ofisoshin gwamnati da gidan watsa labaran kansa suna arewacin kogi. Kudancin kogi kuwa shi ne mazaunin masana'antu da tashar jirgin ƙasa ta Kaduna Junction. A Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, wasu masaƙu irin su Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya a shekarun 1960, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot kuma ya fara aiki a 1975. Waɗannan masana'antu sun jawo ma'aikata daga kowane lungu na ƙasar nan, suka cika unguwanni irin su Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa, daga baya kuma Narayi da Television da Sabon Tasha. Mutanen yankin masu harsuna daban-daban ne, Hausa da Turanci su ne ke haɗa su. A wancan zamani akwatin talabijin sai gidan wane da wane, saboda haka kallo ya kasance na taro, maƙwabta da yaran unguwa kan hallara a ɗaki ɗaya. Wannan ya sa kallo da sharhi suke tafiya tare, wanda ya ji Turanci yana fassara wa wanda bai ji ba.

3.2 Wasan Doctor Who da Yadda ya Iso Arewa

Gidan BBC ya fara nuna Doctor Who ranar 23 ga Nuwamba, 1963. Tauraron wasan wani baƙo ne daga wata duniya, wanda ake kira Dakta, yana yawo a cikin wata na'ura mai suna TARDIS da kan kai shi zamanin da ya wuce ko mai zuwa. William Hartnell ne ya fara fitowa a matsayin Dakta daga 1963 zuwa 1966, sai Patrick Troughton ya gaje shi har zuwa 1969. Kowane labari akan karkasa shi kashi-kashi, kowane kashi kimanin minti 25, kuma duk a hoto mai baƙi da fari.

Hanyar da wasan ya bi ya iso nan ita ce ta majigi. BBC kan kwafi shirin daga tef zuwa faifan fim mai faɗin milimita 16, ta sayar wa gidajen talabijin na ƙasashen waje. Idan gida ɗaya ya gama nunawa sai ya aika wa na gaba, haka faifan zai yi ta yawo daga ƙasa zuwa ƙasa. Ƙa'ida ita ce gidan ƙarshe ya mayar da shi Landan ko ya lalata shi. Ta wannan hanya ce RKTV ya fara nuna labaran Hartnell a 1965. Gidan talabijin na Jihar Binuwai da Filato da ke Jos, wanda ya fara aiki a 1974, shi kuma ya sami wasu labaran Troughton a tsakiyar shekarun 1970.

Ya kamata a lura cewa labarin tafiya wata duniya ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tatsuniya tana cike da Dodo da aljannu, littattafai irin su Ganɗoki na Bello Kagara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa sun ƙunshi abubuwan al'ajabi. A 1969 kuma Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda aka kai wani yaro yawon sararin samaniya. Bambancin kawai shi ne a labarin kimiyya na'ura ce ke yin aikin da tsafi ko aljani ke yi a tatsuniya.

3.3 Ɓacewa da Ganowa

Daga 1967 zuwa 1978 BBC ta riƙa goge tsofaffin tef-tef domin a sake ɗaukar wasu shirye-shirye a kansu, ta kuma lalata faya-fayan fim da aka ga kasuwarsu ta ƙare. Tef yana da tsada, wurin ajiya ya yi kaɗan, kuma ba a zaci wani zai sake neman shirin baƙi da fari ba bayan zuwan talabijin mai launi. Ta haka aka rasa kashe-kashe da yawa daga cikin 253 da aka yi a zamanin Hartnell da Troughton.

Masoya shirin ne suka hana a rasa kome da kome. Wasu daga cikinsu sun naɗi muryar kowane kashi a gida lokacin da ake nunawa, wani mai ɗaukar hoto kuma, John Cura, ya ɗauki hotunan fuskar talabijin na kashe-kashe da dama. Wasu kuma suka shiga cigiya a ƙasashen da aka sayar wa shirin. Tun a tsakiyar shekarun 1980 aka mayar da wasu kashe-kashe na The Time Meddler da The War Machines daga Nijeriya.

Babban samu shi ne na 2013. Wani Bature mai neman tsofaffin faya-fayai, Philip Morris, ya tarar da gwangwanayen fim a wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a Jos. An mayar wa BBC kashi 11, tara daga ciki waɗanda aka fid da rai da su ne: biyar na The Enemy of the World, huɗu na The Web of Fear. Wannan ya rage adadin ɓatattun kashe-kashe a lokacin daga 106 zuwa 97. An fitar da su kasuwa ta iTunes ranar 11 ga Oktoba, 2013, makonni kaɗan kafin bikin cikar shirin shekara 50.

3.4 Ire-iren Martanin Masoya Shirin

3.4.1 Jita-jita

Martanin farko ya riga sanarwar kanta. Watanni kafin Oktoba an yi ta raɗe-raɗin cewa an gano kusan dukan abin da ya ɓace a wani wuri a Afirka, har wata jaridar Ingila ta buga cewa an samo kashi fiye da 100 a Habasha. Saboda haka da aka ce tara ne, sai aka sami waɗanda suka yi murna da waɗanda suka ga an rage musu, alhali kuwa an daɗe ba a yi samu mai yawan wannan ba. A nan ana iya ganin yadda jita-jita kan ɗaga burin ɗan kallo fiye da abin da gaskiya za ta iya cikawa.

3.4.2 Sauyin Ra'ayi

Kafin 2013, kashi na uku kaɗai ake da shi na The Enemy of the World, wanda aka nuna daga Disamba 1967 zuwa Janairu 1968. Wannan kashi ba shi da kuzari sosai, yawancinsa hira ce a ɗakin girki da kan baranda, don haka aka daɗe ana ɗaukar labarin a matsayin mai rauni. Da aka ga sauran biyar ɗin, musamman yadda Troughton ya fito a matsayin mutum biyu, Dakta da kuma azzalumi Salamander, sai ra'ayi ya juya. A ƙuri'ar jin ra'ayin masu karatu da mujallar Doctor Who Magazine ta yi a 2014, labarin ya haura sama ƙwarai a kan matsayinsa na ƙuri'ar 2009. Wannan ya nuna haɗarin yanke wa aikin adabi hukunci daga guntunsa, domin murya kaɗai ba ta nuna motsin fuska da jiki, waɗanda su ne rabin wasan kwaikwayo.

3.4.3 Kashi na Uku na The Web of Fear

An nuna The Web of Fear a Ingila daga 3 ga Fabrairu zuwa 9 ga Maris, 1968, kashi shida. Mervyn Haisman da Henry Lincoln suka rubuta, Douglas Camfield ya ba da umarni. Labarin ya shafi wasu mutum-mutumi masu gashi kamar Dodo, waɗanda ake kira Yeti, da suka mamaye hanyoyin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, wasu 'yan sojoji kaɗan suna ƙoƙarin tare su, alhali akwai maci amana a cikinsu. BBC tana da kashi na ɗaya tun da can, Jos ta ba da na biyu da na huɗu da na biyar da na shida. Na uku ne bai zo ba, sai aka haɗa hotunan Cura da muryar da aka naɗa aka cike gurbin.

Abin da ya sa rashin wannan kashi ya yi wa masoya zafi shi ne a cikinsa ne Nicholas Courtney ya fara fitowa a matsayin Kanar Lethbridge-Stewart, wanda daga baya ya zama Birgediya, ya kuma zama babban aminin Dakta na shekaru masu yawa. Ga ɗan kallon 1968, Kanar baƙo ne da ya ɓullo daga cikin duhu ba tare da cikakken bayani ba, saboda haka yana cikin waɗanda ake zargi da cin amana. Ga ɗan kallon 2013 kuwa, wanda ya riga ya san shi, babu sauran zargi, abin da yake nema shi ne ya ga mafarin abota. Ke nan kashi ɗaya ya sami ma'ana biyu, gwargwadon abin da ɗan kallo ya zo da shi a ransa.

Takaicin ya ƙaru a 2015, lokacin da Morris ya bayyana cewa ya ga kashi na uku tare da sauran a Jos, amma ya ɓace kafin a kammala shirin mayar da su, kuma yana zaton ya faɗa hannun wani mai tara irin waɗannan kayayyaki. Daga nan muhawara ta koma kan haƙƙi: shin faifan na wanda ya saye shi ne, ko na jama'ar da aka yi wasan dominsu?

3.4.4 Zanen Maye Gurbi

A Agustan 2021 BBC ta fitar da kashi na uku a zanen katun na kwamfuta, aka ɗora a kan muryar asali. Wasu sun gode da cewa ko ba kome ana iya bin labarin daga farko har ƙarshe. Da yawa kuwa sun soki yadda mutanen zanen ke motsi da hannuwa da jiki, suka ce bai dace da sauran kashi biyar na ainihi ba. Dalilin da ya sa sukar ta yi tsanani shi ne zanen yana tsakiyar hotunan 'yan wasa na gaskiya, ido kuwa ba ya rasa gwadawa.

3.5 Darasi ga Wasannin Kwaikwayo na Hausa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa ɗan kallo yana iya zama mai adana tarihi. Wannan batu ya shafi Kaduna kai tsaye, domin gidan da ya nuna Doctor Who shi ne ya raini wasanni irin su Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, da Karambana da Magana Jari Ce waɗanda Ƙasimu Yero ya yi fice a cikinsu kafin rasuwarsa a 2017. Tef da fim kuwa ba sa jure zafi da laima da ƙura, na'urorin kunna su ma sun yi ƙaranci. Idan har gida kamar BBC ya rasa nasa, to wajibi ne a tashi tsaye kan namu.

Akwai misalin da ke ƙarfafa guiwa. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya salwanta. A 2016 aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Irin wannan aiki yana buƙatar haɗin kan gidajen talabijin da cibiyoyi irin su Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da kuma tsofaffin ma'aikata da 'yan kallo waɗanda suka naɗi wani abu a kaset ɗin bidiyo a gidajensu.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an kawo tarihin talabijin a Kaduna da yanayin kallo a kudancin kogi, an bi sawun Doctor Who daga Landan zuwa Kaduna da Jos, sa'an nan aka fito da martani iri huɗu na masoyansa, watau jita-jita da sauyin ra'ayi da takaicin rashi da kuma suka. An ga cewa darajar da masoya suka ba kashi na uku na The Web of Fear ta samo asali ne daga abin da ya biyo bayansa a tarihin shirin. Babi na gaba zai duba jigo da zubi da tsarin Tauraruwa Mai Wutsiya, domin a gwada shi da irin waɗannan wasanni na talabijin.