TUMATIR MAI AURE: DAGA BEDI ZUWA KAUƊA

  

Ya ku ɗalibai da iyaye, a wannan fitowa za mu yi bayani ne a kan tumatir mai saurin nuna, wanda manoma ke kira iri mai aure. Ba sai mai fadama kaɗai zai noma shi ba. Ɗan fili a bayan ɗaki, ko kusa da rijiyar makaranta, ko tsofaffin buhuna goma da aka cika da ƙasa da taki, sun isa a sami na miya.

Da farko, mene ne iri mai aure? Masana sukan zaɓi tumatir iri biyu, ɗaya wataƙila mai saurin nuna, ɗayan kuma mai jure cuta. Sai su ɗebi garin furen wannan da hannu su sa wa furen wancan. Ƙwayar da ta fito daga wannan haɗi ita ce ake zubawa a fakiti a rubuta F1 a jiki, ma'ana 'ya'yan fari. Cikin waɗanda ake samu a shagunan iri a ƙasar nan akwai Cobra F1 na kamfanin Technisem, da Padma F1 na East-West Seed. Su kuwa Roma da UC82B da aka daɗe ana nomawa a Kadawa da Kura da ruwan dam ɗin Tiga, ba masu aure ba ne.

To, ga inda mutane da yawa ke yin asara. Mutum ya ga tumatir ya yi kyau, sai ya matse 'ya'yan ya shanya, ya ce ya huta da sayen iri baɗi. In Roma ne babu laifi. Amma in mai aure ne, abin da zai fito jikoki ne, kuma ba za su fito bai ɗaya ba. Wani zai ɗauko wannan kaka, wani ya ɗauko wancan, wani ya yi tsawo, wani ya makara, wani kuma cuta ta kwantar da shi. Don haka kowace shekara sabon fakiti ake saye. Da tsada kam, amma giram 1 yana ɗauke da ƙwaya wajen 300. Gida biyar ma sa iya haɗa kuɗi su raba. Ku dai duba kwanan watan da ke jikin fakitin, kuma kada ku karɓi wanda aka riga aka buɗe.

Abu na biyu shi ne lissafin kwanaki. In aka ce iri yana nuna a kwana 65 zuwa 70, daga ranar dashe ake ƙirgawa, ban da kwanakin reno. Ku ƙara mako 3 zuwa 4 na bedi, kun ga an tasam ma wata uku ke nan. Wanda ya zuba iri a farkon Oktoba, ya dasa a farkon Nuwamba, in Allah Ya yarda cikin Janairu zai fara tsinka. Amfanin wannan sauri a bayyane yake. Tumatir ɗan sanyi ne. Da zarar zafin bazara ya shigo, rana ta haura digiri 35, dare ma babu sauƙi, sai fure ya riƙa zubewa bai ƙulla ɗa ba. Mai saurin nuna kan gama aikinsa kafin nan, ga shi an rage kwanakin ban ruwa.

Wajen reno, a haɗa ƙasa mai laushi da taki wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji ƙona tsiro yake yi. A ja layi da yatsa, zurfin kamar santimita 1, a jera ƙwayar ɗai-ɗai, kada a watsa ta kamar gero, ai kuɗi ce. A rufe da ƙasa kaɗan, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai, a yayyafa ruwa safe da yamma. Cikin mako guda za ku ga ta tsiro, sai a janye ciyawar. A kuma yi shinge, don kaza da akuya ba su san F1 ba.

Idan tsiro ya yi ganye 4 ko 5, lokacin dashe ya yi. Da la'asar sakaliya ake yi, bayan an jiƙa bedin, a ciro kowane da ƙasar gindinsa. A bar santimita 60 tsakanin layi da layi, 45 tsakanin tsiro da tsiro. Kada a dasa inda aka cire tattasai ko attarugu ko gauta ko dankalin turawa bara, domin dangi ɗaya ne da tumatir, cutarsu ɗaya, kuma takan zauna cikin ƙasa ta jira. Bayan kamar kwana 10 a sa takin kamfa cikin murfin kwalbar lemo, a binne ɗan nesa da gindi. A sake sawa in ya fara fure. A kafa masa kara a ɗaure da tsumma, kada 'ya'yan su kwanta a laka.

Ban ruwa kuwa, a nan ne ake gane ɗalibi mai himma. Tumatir ba ya son yau a cika shi da ruwa, gobe da jibi a manta da shi. In an yi haka sai ku ga ƙasan ɗan ya yi baƙi ya lotsa, ko kuma fatarsa ta tsage. Wasu sukan ɗauka cuta ce su ruga sayen magani, alhali ƙishirwa ce ta hana shukar jawo sinadarin kalsiyam zuwa cikin ɗan. A zuba ruwa a gindi, ban da kan ganye, a lokaci guda kullum. Ruwan alwala da ake tarawa a makaranta ya wadatar, muddin babu sabulu a ciki.

Babbar abokiyar gaba ita ce tsutsar nan da manoma ke kira sharon, Turawa kuma Tuta absoluta. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, can inda shi kansa tumatir ya samo asali. A 2016 ta yi ɓarnar da har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Cikin ganye take shiga ta ci, ta bar wani fari-fari kamar leda, daga nan ta huda ɗan. A ƙaramin lambu idanunku ne magani na farko. Ku duba ganye kowace safiya, wanda ya kamu a tsinke a binne ko a ƙona. Ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya da aka jiƙa kwana guda aka tace yana taimakawa. Maganin feshi na kanti kuwa aikin manya ne, yaro kada ya taɓa, kuma dole a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a tsinka a ci.

Yanzu sai maganar amfani. Yawancin irin nan gajeru ne, kuma cikin 'yan makonni suke juye 'ya'yansu, daidai lokacin da kasuwa ta cika, kwando ya faɗi warwas. Zuwa damina kuma a neme shi da kuɗi a rasa. Saboda haka, iyayenmu mata, tun yana fure ya kamata a yi shiri. Wanda za a ci cikin mako a tsinke shi da ya fara ja, a ajiye a inuwa, zai ƙarasa nuna da kansa. Nunanne kuma a yi miya, a yi dafa-duka, a yanka a kwaɗo.

Ragowar sai a yi kauɗa. A wanke, a yanka biyu ko huɗu, a barbaɗa gishiri kaɗan, a jera a kan tabarma mai tsabta a bisa rumfa ko gado, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda. Shanya a gefen titi da ake yi, inda ƙura da hayaƙin mota da dabbobi ke bi ta kai, ba ta dace da mai karanta babin tsarki ba. Iskar hunturu kan busar da ita cikin 'yan kwanaki. Kada ku yi mamaki in kwando guda ya koma ɗan ƙulli, domin wajen kashi 94 cikin 100 na tumatir ruwa ne. Sai ta bushe ƙarau a zuba a mazubi mai murfi. Wadda ta yi funfuna a zubar.

Ana kuma iya markaɗawa a dafa har ya yi kauri, a zuba da zafinsa a kwalbar gilashi da aka tafasa, a sa babban cokali 1 na ruwan lemon tsami a kowane rabin lita. A rufe gam, a nutsa kwalaben cikin tukunyar ruwa su tafasa minti 45. Duk kwalbar da murfinta ya kumbura daga baya, ko ta yi wari, kada a ɗanɗana.

Wanda zai sayar kuma ya kula da abu biyu da muke karantawa a fiƙihu. Shari'a ta hana sayar da 'ya'yan itace tun nunarsu ba ta bayyana ba. Ta kuma hana algus, irin a jera manya a saman kwando a ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa. Game da zakka, a mazhabar Malikiyya ba a fitar da ita daga kayan lambu irin tumatir, kamar yadda ya zo a Risala, sai dai kuɗinsa in sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo a kansu. Sadaka kuwa ƙofarta a buɗe take, ga maƙwabta, ga almajirai. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi.

Ajin da ke son gwadawa bana ya fara tara taki da kara tun watan Satumba, a kuma rubuta sunayen masu ban ruwa na ranakun Alhamis da Juma'a da babu karatu.