Tsare Agwagi Daga Yanyawa da Sauran Namun Daji

Agwagwar da aka fi kiwo a ƙasar Hausa, mai jan tsiro a fuska da jiki mai nauyi, asalinta daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, kuma ta samu karɓuwa a gidajen karkara saboda tana jure zafi, tana nema wa kanta abinci a bakin rafi da fadama, sannan ba ta saurin faɗuwa a annobar da kan share kaji lokacin hunturu. Sai dai wannan sakin da ke rage wa mai kiwo kuɗin abinci shi ne kuma ke jefa ta a bakin namun daji, kuma asarar kan faɗa ne a kan mata da yara, waɗanda galibi su ne masu agwagin, kuma da su suke biyan ƙananan buƙatun gida.

Raunin agwagwa yana cikin halittarta da ɗabi'arta. Tana kwanci na kimanin kwana 35, yayin da kaza ke ƙyanƙyashewa a kwana 21, kuma takan zaɓi ɓoyayyen wuri a ƙasa, a gindin danga ko ƙarƙashin rumbu, inda za ta shafe makonni biyar ba ta iya gudu ba tare da barin ƙwanta ba. Ba ta da ƙarar murya, domin toro huci kawai yake yi, macen kuma ƙaramin sauti take fitarwa, don haka ana iya ɗauke ta da tsakar dare masu gida ba su farka ba. Haka nan ba ta faye komawa akurki da kanta da magariba kamar yadda kaza ke yi ba, sai in an saba mata.

Yanyawa, wadda ƙaramar dabba ce ta dangin kare mai launin rairayi da manyan kunnuwa, tana zaune a yankin Sahel tun daga Senegal har Sudan, tana wuni a rami, tana fita farauta da dare, kuma gwanar tono ce, shi ya sa danga ko katangar da ba ta da tushe ba ta hana ta shiga. Ita da dila sukan sungumi tsuntsu su tafi da shi, ba su barin komai sai gashi a warwatse. Tunku da muzuru kuwa ta ƙaramar kafa suke kutsawa, alhali guza da maciji sukan haɗiye ƙwai ba su bar ɓawo ba, hankaka kuma ya fasa shi ya shanye. Da rana shirwa da shaho ne ke fauce ƙananan 'ya'ya a fili, karen unguwa kuma kan kashe da yawa ya bar su a yashe. Karanta waɗannan alamu shi ne matakin farko, domin wanda bai san ɓarawonsa ba zai toshe ƙofar da ba ta nan ake shiga ba.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan magana ta tattara dukkan hikimar gina makwancin agwagi. Akurkin laka ko na bulo yana wadatarwa muddin yana da daɓe mai ƙarfi, da rufi, da ƙofa mai sakata, tare da tagogin shan iska da aka rufe da ragar waya mai ƙananan idanu, waɗanda faɗinsu bai wuce santimita ɗaya da rabi ba. Ragar kaji ta yau da kullum an yi ta ne don tsare tsuntsu a ciki, amma kare ko dila na iya yaga ta. Don maganin masu tono, ana binne gindin ragar shinge zuwa zurfin santimita 30, ko a shimfiɗa ta a ƙasa ta wajen shingen kimanin rabin mita a rufe da ƙasa da duwatsu, saboda dabba takan fara tono ne daga gindin shinge, idan ta ci karo da waya kuma sai ta haƙura.

Ginin ba ya amfani idan ba a haɗa shi da tsari na kullum ba. Ba da dusa ko hatsi a cikin akurki gab da faɗuwar rana yana koya wa agwagi dawowa da kansu, sannan a ƙirga su a kulle, kada a sake su sai rana ta ɗaga, wanda hakan ke da ƙarin fa'ida tunda agwagwa ta fi yin ƙwai da sassafe. Mai kwanci a keɓe mata wuri mai rufi, 'ya'yan kuma a tsare su a rufaffen fili na makonnin farko da ruwa marar zurfi, maimakon a bar uwar ta ja su kududdufi. Kwashe ragowar abinci da sare ciyawar da ke kewaye suna hana ɓera da gafiya taruwa, waɗanda su ne ke jawo maciji, zabi kuma da ƙararsu sukan sanar da gida zuwan baƙo. Rufin yana kuma rage cuɗanya da tsuntsayen daji, abin da muhimmancinsa ya bayyana a 2006, lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna, aka kuma same ta a jikin agwagi a Magarya ta Jamhuriyar Nijar.

Abin da ya kamata a guje masa shi ne zuba guba a mushe don ramuwa, domin gubar ba ta zaɓen wanda za ta kashe: takan hallaka karnuka da ungulaye, waɗanda yawansu ya ragu matuƙa a Afirka ta Yamma, tana kuma iya kaiwa ga yara da ruwan sha. Yanyawa kanta ɓeraye da ƙwari ne mafi yawan abincinta, don haka tana taya manomi tsaron hatsinsa, kuma idan aka kashe ɗaya wata ce za ta gaji raminta muddin akurki na nan a buɗe. Kuɗin raga da sakata sau ɗaya ake kashe shi, amma uwar agwagwa guda da ta tsira da ƙwanta tana iya mayar da shi tun kafin damina ta zagayo.