Gaskiya ko Jita-jita: Allon Waliyyi na Gidajen Sabiyawa

A kasuwannin gwanjo na yankin Washinton, inda ake baje kayan gidajen da masu su suka rasu, akan ci karo da ɗan allo mai hoton mahayin doki, ya yi baƙi ƙirin, ga rubutu da baƙaƙen da ba na boko ba. Nan take sai a yanke hukunci: na Rasha ne, kuma ya shekara ɗaruruwa. Sau da yawa ko ɗaya bai tabbata ba.

Zancen Rasha yana da dalili. Gidan tarihi na Hillwood da ke birnin cike yake da hotunan cocin Rasha da Marjorie Merriweather Post ta fara tarawa lokacin da mijinta yake jakadan Amurka a Mosko a 1937 da 1938, shi ya sa idon mutanen gari ya saba da su. Amma Sabiyawa da Bulgeriyawa ma da baƙaƙen Sirilik irin na Rasha suke rubutu. A juya bayan allon a duba ko iyali sun yi rubutu. In aka ga Ђ ko Ћ, hannun Basabiye ne, domin Rashanci ba shi da waɗannan baƙaƙe.

Baƙin allo ma ba shaidar tsufa ba ne. A gidan Basabiye ana rataye hoton a bangon gabas, ƙaramar fitilar mai tana ci a gabansa, hayaƙinta kuwa da man da aka shafe allon da shi su ke dusashe launi. Wasu ma takarda ce ta ɗab'i aka manna a katako. A Vojvodina, arewacin Sabiya, a da masu zanen ƙauye a bayan gilashi suke zana nasu.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne wane ne a jikin allon, domin kamar tsagar gado yake a fuska, yana faɗin gidan da mutum ya fito. Kowane gidan Sabiyawa mabiya ɗarikar Otodoks yana da waliyyinsa, ɗa ya gada daga uba, kuma sau ɗaya a shekara ake yi masa bikin Slava: a kunna kyandir, a yanka burodi na musamman, a raba dafaffiyar alkama. UNESCO ta sa bikin cikin al'adun gadon duniya a 2014. Mahayin farin doki da ya soki dodo da mashi Waliyyi George ne, bikinsa 6 ga Mayu. In dokin ja ne, wanda aka soka kuma mutum ne, to Dimitrije ne, 8 ga Nuwamba. Dattijo mai furfura cikin kayan bishop, riƙe da littafi, galibi Nikola ne, 19 ga Disamba, kuma gidajen da ke bikinsa sun fi yawa.

Akan kuma ce gunki ne suke bauta wa. Su dai masu abin sun musanta. Tun taron Nikiya na shekarar 787 cocinsu ya raba tsakanin girmama hoto da bauta, ya ce bauta ta Allah ce kaɗai. Musulmi yana da nasa hukuncin a kan hoto, amma adalci ne a faɗi abin da mutane suka ce da bakinsu.

Hoton Maryamu mai hannu uku shi ya fi jawo surutu, har wasu na danganta shi da tsafi. Asalinsa yana gidan ibada na Hilandar a Dutsen Athos na Girka, wanda Waliyyi Sava da mahaifinsa suka raya a 1198. A ruwayar coci, Yohanna na Dimashƙa ne ya liƙa hannun azurfa a jikin hoton don godiya bayan hannunsa da aka yanke ya warke, masu kwafar hoton kuma suka riƙa zana shi a haka.

Duk wanda irin wannan allo ya faɗo hannunsa, kafin ya sa masa kuɗi ya kai shi cocin Sabiyawa na Waliyyi Luka da ke Potomac a jihar Maryland, limamin can ya karanta masa rubutun.