Marsandin gado da rediyonta: a gyara, amma kada a yanke waya

A gidaje da dama na Kano da Kaduna da Zariya, har Maraɗi da Damagaram, akwai tsohuwar Marsandi da aka lulluɓe da tampol a gefen tsakar gida, tayoyinta sun sace, ƙura ta rufe gilashinta. Motar maigida ce, Allah ya jiƙansa. Yawanci ɗaya ce cikin ukun nan: W123 da kamfanin Mercedes-Benz ya ƙera daga 1976 zuwa 1986, kusan guda miliyan 2.7, ko babbar 'yar'uwarta W126 ta 1979 zuwa 1991, ko kuwa W124 da ta fito a ƙarshen 1984, wadda 'yan Najeriya suka laƙaba wa V-Boot saboda yanayin murfin but ɗinta. Idan wani cikin 'ya'ya ya yi niyyar tayar da ita, abin da ya fi saurin zuwa masa a rai shi ne fenti da sabon rediyo mai allo. Su ne kuwa ya kamata su zo ƙarshe.

Aikin farko ma ba na bakanike ba ne. Mota dukiyar mamaci ce, haƙƙin dukkan magada na cikinta. A yi mata kuɗi a halin da take, a raba, a san wanda ta faɗa hannunsa, a canza takardu. Wanda ya zuba dubban ɗaruruwa a motar da ba a raba ba, ranar da ta fara sheƙi zai tarar kowa ya tuna rabonsa, kuma da gaskiyarsa.

Bayan nan sai abin da ke tsare rai. Motar da ta yi shekaru a ajiye ba a murɗa mata makulli haka kawai. Fetur ɗin da ya kwana a tanki ya rikiɗe ya zama danƙo, yana toshe famfo da kafireto. Man birki yana shan danshin iska, sai ya ci bututu daga ciki. Duk wani abu na roba, daga tiyon lagireto zuwa bel, zafin ranar ƙasarmu ya busar da shi. Taya kuwa, zanenta na iya zama kamar sabo alhali ta mutu. A duba lambobi huɗun da ke gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In lambobi uku aka gani, an yi ta ne kafin 2000, ba ta da sauran amfani a kan titi. A leƙa ƙarƙashin batir da wuraren sa jak da ƙasan kafet a nemi tsatsa, musamman a motar da ta shigo ta Kwatano bayan ta sha gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin sanyi. Masu V-Boot na wajen 1992 zuwa 1995 suna da ƙarin damuwa guda: robar wayoyin injin wannan zamani tana marmashewa da zafi, har waya ta taɓa waya.

To, a ce an yi duk wannan, mota ta tashi, tana tsayawa in an taka birki. Sai a zo kan rediyo, inda a ganina aka fi yi wa waɗannan motoci ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Rediyon da aka fi samu a Marsandin wancan zamani na kamfanin Becker ne na Jamus, masu suna Europa da Grand Prix da Mexico. A fuskar tsofaffin akwai maɓallai da haruffa L, M, K, U: dogon zango, matsakaicin zango, gajeren zango, da FM. Wannan K ɗin yana kamo mita 49, inda Rediyon Najeriya Kaduna ya daɗe yana watsa shirye-shiryensa na Hausa a kan kilohaz 6090. Wato a wancan zamani da wannan maɓalli matafiyi ke jin Kaduna yana tsakiyar daji, nesa da kowace tashar FM. Akasarin rediyoyin da ake sayarwa yau ba su da gajeren zango ko kaɗan. Wanda ya cire na asali ya wurgar, ya yi asarar abin da sabon ba zai ba shi ba.

Ba wai tsohon ba shi da aibi ba. Ƙananan kayan da ke riƙe wuta a cikinsa suna bushewa, sauti ya riƙa shaƙewa. Robar da ke juya kaset tana tsinkewa. Wasu na shekarun 1970 ba sa wuce megahaz 104, don haka tashoshin da ke can saman FM ba sa shigowa. Na ƙarshen shekarun 1980 zuwa sama suna da lambar sirri ta hana sata: da zarar an cire kan batir sai su kulle, sai an danna lambar. Kafin a taɓa batir, a binciki takardun marigayi, galibi tana kan wani ɗan kati tare da littafin motar.

Hanya mafi sauƙin lahani ita ce a bar rediyon a wurinsa. Mai gyaran rediyo da ya san aikinsa zai canza kayan da suka bushe. Da yawa daga cikin tsofaffin Becker suna da wata kafa a baya da aka tanada don jona na'urar kaset. Ta nan ake saka ɗan ƙaramin abin Bluetooth, a ɓoye shi bayan dashbod. Waya ta haɗu, karatu ko waƙa ya fito ta lasifikar mota, fuskar dashbod ba ta canza ba.

In kuwa dole sai an canza, akwai labari mai daɗi. Ramin rediyon motocin Jamus na wancan zamani yana da ma'auni tsayayye, milimita 180 a faɗi, 50 a tsayi, wanda aka mayar ƙa'idar duniya a 1984. Duk rediyo mai wannan girma zai zauna daram ba tare da an yanka komai ba. Kamfanoni irin su Blaupunkt da Continental suna yin masu baƙar fuska marasa ƙyalƙyali, da USB da Bluetooth, waɗanda suka dace da tsohon dashbod. Matsalar tana wajen manyan allunan nan na Android. Tsayinsu ya ninka ramin, don haka sai an datse katakon tsakiya, a ture maɓallan iska. Katakon nan na gaske ne, mai zane-zane, kuma samun irinsa mai lafiya a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo yana ƙara wuya kowace shekara. Abin da zarto ya ci ba ya dawowa, allon kuma bayan 'yan shekaru zai zama tsohon yayi.

Sai wayoyi, inda hankali ya fi kamata ya tsaya. Sabon rediyo yana buƙatar wuta iri biyu: waya mai ruwan ɗorawa da ke zuwa kai tsaye daga batir don ya riƙe tashoshi da agogo, da ja wadda ke samun wuta sai an murɗa makulli. Baƙa ta jikin mota ce, shuɗiya kuma ita ke tayar da eriyar nan ta Hirschmann mai fitowa da kanta. In aka musanya ja da ɗorawa, rediyo zai manta komai duk lokacin da aka kashe mota. In aka haɗe su wuri guda a kan wutar batir, aka manta shi a kunne, a wayi gari mota ta ƙi tashi, a zargi batir alhali ba shi da laifi. Launin wayoyin Marsandi kuma ba irin na rediyon ba ne. A wajenta ruwan ƙasa ce ta jikin mota. Mita ake sa wa a auna, ba a yin canke.

Akwai tarkon da ke kama ko da ƙwararren mai wayarin. Tsohon Becker hanyar sauti biyu gare shi, hagu da dama. Wani ɗan gare-gare da ke kusa da giya shi ke raba sautin tsakanin gaba da baya. Sabon rediyo hanyoyi huɗu gare shi, kowace lasifika da wayoyinta biyu, kuma ba a yarda ko ɗaya ta haɗu da ta wata ko ta taɓa ƙarfen mota ba. Idan aka jona shi ta cikin tsohon gare-garen, ko dai sauti ya lalace ko abin da ke ƙara sauti a cikinsa ya ƙone. Magani shi ne a tsallake gare-garen, a ja wa kowace lasifika wayarta, a bar shi a wurinsa don kyan gani. Lasifikun kansu takarda ce da ta kai shekara talatin ko arba'in. Sau da yawa su ne masu kurman sautin da ake ɗora wa rediyo, kuma canza su da masu girma ɗaya ya fi sayen rediyo mai tsada amfani.

Abin da nake roƙon duk mai irin wannan mota shi ne ya tsaya a kan aikin da kansa. Ya ce wa mai wayarin kada ya yanke soket ɗin asali. A nemo mahaɗi, ko a haɗa shi da hannu, a yi dalma, a rufe da kyau. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif ba ya jure zafin watan Afrilu: gam ya narke, waya ta buɗe a bayan dashbod inda ido ba ya kaiwa. Kada kuma a yarda a maye gurbin fis da guntun waya ko takardar sigari, domin fis ne ke tsinkewa kafin wuta ta kama. A ɗauki hoton yadda wayoyin suke kafin a fara, a rubuta abin da aka jona a saka cikin littafin motar. Rediyon da aka cire a nannaɗe shi, a rubuta lambar sirrinsa a jikinsa, a ajiye inda ƙura da ɓera ba za su kai ba, domin masu sayen irin waɗannan motoci a Turai da Amurka suna tambayar na asali, kuma suna biyan kuɗinsa daban.